Kare mai tsoron mutane da na gani a gidan ceton dabbobi, in ɗauko shi ko in haƙura?

Baban_Yarinya ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah waɗanda suka san halin karnuka ku taimaka min da shawara, yau kwana tara kenan abin nan na cina a rai.

Mun daɗe muna maganar riƙon kare ni da maiɗakina, sai muka ce maimakon mu nemi ɗan kwikwiyo gara muje gidan da ake ajiye dabbobin da aka tsinta ko aka karɓo daga hannun masu wulaƙanta su. Muna shiga duk karnukan suka taso bakin keji suna haushi suna kaɗa wutsiya kowa na neman a kula shi, sai guda ɗaya can ƙarshen layi, baƙi mai ɗan fari a ƙirji, ya matse a lungu ya bamu baya kamar ma baya so a san yana wurin. Na tsugunna na kira shi ko motsi bai yi ba, sai dai jikinsa na ta rawa ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu. Matar dake kula dasu tace Duna suke ce masa, zai kai shekara biyu, watansa biyar a hannunsu kuma duk wanda yazo wuce shi yake yi. Tace tunda yazo bai taɓa cizon kowa ba, amma baya cin abinci in mutum na tsaye a kansa sai an fita, kuma gida mai natsuwa yake buƙata da mutanen da basu da gajen haƙuri.

Wlh tun ranar na kasa cire shi a raina. Na koma sau biyu, a na biyun ne ma ya ɗan juyo ya kalle ni ta wutsiyar ido ya sake kau da kai.

Ga yadda gidan namu yake. Ni ina fita aiki tun safe sai yamma, maiɗakina a gida take aikinta, babu wata dabba, sai yarinyarmu 'yar shekara 8, tana da hankali amma dai kun san yara, ita burinta karen da zata runguma suyi ta guje-guje. Ban taɓa riƙe mai irin wannan halin ba, wanda muka yi muna yara mai son wasa ne kowa nasa.

Shin irinsa yana sakin jiki kuwa ko haka zai ƙare rayuwarsa a lungu? Akwai haɗari ga yarinyar? In na ɗauko shi me ya kamata inyi a kwanakin farko? Bana so tausayi ya ja ni in ɗauko shi bayan wata ɗaya in mayar, in ƙara masa wani ciwon kan wanda yake dashi.

Anti_Mai_Lambu ta rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanina. Karanta bayaninka ya tuna min da tawa, shekara huɗu kenan tana wurina kuma ranar da na kawo ta ɗaukarta akayi aka shigo da ita don ta ƙi taka ƙafarta. Kwana goma sha ɗaya tayi ƙarƙashin teburi, da dare kawai take fitowa taci abinci tasha ruwa, ni har kuka nayi ina cewa ko na cuce ta ne da na rabo ta da inda ta saba. Yanzu haka da nake rubutun nan kanta na kan ƙafata. Toh kaga amsar tambayarka ta farko, suna sakin jiki, sai dai ka sani har gobe in baƙo ya shigo tashi take ta koma ɗakinta kuma na daina ganin hakan a matsayin matsala, halinta ne.

Abu mafi wuya da zakayi a satin farko shine ka ƙyale shi. Da gaske nake, ya fi komai wuya don zuciyarka zata riƙa cewa jeka lallashe shi, jeka shafa shi ya san kana sonsa, alhali shi a wurinsa hannun da ya miƙo daga sama abin tsoro ne. Kafin ya iso ka ware masa wuri ɗaya inda ba hanyar wucewa ba, ka shimfiɗa bargo, ruwa da abinci kusa, in akwai keji a bar ƙofar a buɗe a yafa masa zane ta sama ya zama kamar kogo. Wannan wurin nasa ne, in ya shiga an gama magana, babu mai zura hannu, babu mai jawo shi. In ka roƙi masu gidan su baka tsumman da yake kwana a kai ka taho dashi ya fi, ƙamshin da ya sani zai rage masa baƙunta.

Sannan kada ka tsare shi da ido, kada ka tunkare shi gaba da gaba, kada ka ranƙwafa a kansa. Ka zauna a ƙasa can nesa ka bashi gefen jikinka kana duba wayarka ko kana magana a hankali, ka wurga ɗan guntun nama ka tashi abinka. Wani kuskure da nayi, ina riƙe naman a hannu ina jira tazo ta karɓa, kwaɗayi ya jawo ta har gabana sai ta ɗago ta ganta dab dani ta firgita ta ruga, muka koma baya da kusan sati. Daga baya aka koya min in riƙa jefawa bayanta, taci ta samu tazara, in taga dama ta matso da kanta. Da hakan ne ta gane ni ba tarko bace.

Ranar da yazo da kansa ya shinshina ka kar ka ɗauka izinin taɓawa ne, bincike yake. In lokacin shafawa yayi ka shafa ƙirji ko gefen wuya kamar daƙiƙa uku ka janye hannu ka gani, in ya matso yana so, in ya kau da kai ko ya lashi baki ka barshi.

Masu wannan harkar suna da wani lissafi da suke faɗa, kwana 3, sati 3, wata 3, wato kwana uku na ruɗewa, sati uku ya fara gane tsarin gidan, wata uku ya ji nan ne gida. Kar ka riƙe shi kamar alƙawari, ga mai tsananin tsoro irin Duna abin kan ninka, tawa sai da ta shekara kafin naga tayi birgima ta bada ciki sama. Abinda ya fi taimaka mata shine komai a lokacinsa, abinci lokaci ɗaya, fita lokaci ɗaya, don kare mai fargaba in ya san abinda zai faru nan gaba sai hankalinsa ya kwanta. Kuma kar ka damu in kaga yana ta barci, babban kare na yin awa 12 zuwa 14 a rana dama, balle wanda ya fito daga hayaniyar keji.

Maganar 'yarka kuwa ita tafi damuna, ka zauna da ita ka faɗa mata gaskiya tun yanzu.

Sarkin_Yaƙi ya rubuta:

Ni dai da girmamawa Anti ina ganin wannan lallaɓawar ce ke sa tsoron ya zauna. Kare in yaga kana tausaya masa sai ya ɗauka abin tsoron gaskiya ne. Malam ka sa masa igiya tun ranar farko ka fito dashi, ka zaga dashi cikin mutane da motoci, kowa ya taɓa shi, zai yi turjiya kwana biyu daga nan ya saba. In yayi gurnani ka tsawata masa ya san kai ne babba. Na taɓa yiwa wani haka cikin sati ɗaya ya daina komai, ko an taɓa shi shiru yake.

Mai_Jinyar_Dabbobi ta rubuta:

Ɗan uwa Sarkin_Yaƙi na san da kyakkyawar niyya ka faɗa amma dan Allah mai tambaya kar ya bi wannan hanyar, musamman da yarinya a gidan. A asibitin dabbobi nake aiki kuma wannan shirun da kake magana muna ganinsa, kare ya ƙame kamar gunki ana taɓa shi baya motsi, mai shi yana murna wai ya saba alhali ya sallama ne kawai don ya gane gudu baya fisshe shi. An daɗe da sanin wannan, a 1967 wasu masana halayya a Amurka, Martin Seligman da Steven Maier, sun yi gwaji da karnuka inda aka riƙa jona musu wutar lantarki ba tare da hanyar tsira ba, daga baya da aka buɗe musu hanya da yawansu ko yunƙurin tsallakewa basu yi ba, kwanciya suka yi suna jurewa. Tsoron na nan ciki ba inda yaje, kuma irin wannan karen ne wata rana ake cewa ya ciji mutum haka kawai ba dalili.

Gurnani ma haka. Gurnani magana ce, yana ce maka na ƙure a bani wuri. In ka hukunta shi a kai zai daina gurnanin, amma abinda ya sa shi yi na nan, kaga ka cire gargaɗin ka bar cizon. In yayi gurnani ka ja da baya kayi tunanin me ya jawo. Kuma tun kafin akai ga gurnani akwai alamu da yawa da mutane basa lura dasu: hamma ba barci ba, lasar baki ba abinci a gabansa, haki ba zafi ba gudu, kwantar da kunne baya, kau da kai har kana hango farin idonsa, ɗaga ƙafar gaba ɗaya, sai ƙamewa wadda ita ce tafi haɗari. Kaɗa wutsiya ma ba kullum murna bace.

Cewa lallashi na ƙara tsoro shima ba haka bane, tsoro ba dabara bace da kare ke yi don a bashi lada. In ana tsawa yazo ya raɓe a jikinka ka barshi, kayi masa magana a hankali.

Wani abu Baban_Yarinya, mutane na ganin kare mai tsoro sai suce lallai dukansa akayi. Yana iya yiwuwa, wanda maciji ya sara in yaga tsumma sai ya gudu, amma sau da yawa rashin sabo ne tun yana ƙarami. Daga sati 3 zuwa wajen sati 12 ko 14 da haihuwa shine lokacin da kwikwiyo ke karɓar sabon abu cikin sauƙi, in ya wuce wannan lokacin bai ga mutane iri-iri ba, bai ji ƙarar mota ko ta ƙofa ba, sai ya girma komai baƙo ne a wurinsa, wani kuma gado ne daga iyaye. Shi yasa gyaran ke ɗaukar lokaci. Yadda ake yi shine a nuna masa abin tsoron daga nesa sosai, nesan da zai gani amma har yanzu yana iya cin abinci, a haɗa ganin da wani abu mai daɗi, a riƙa rage tazarar kaɗan kaɗan cikin kwanaki. Duk lokacin da ya ƙi karɓar abinda yake so to kun matsa da yawa, ku koma baya.

Ta ɓangarenmu kuma, ka karɓi takardun lafiyarsa kaga rigakafin da aka masa, musamman na ciwon haukan kare, wannan ba abin wasa bane don Hukumar Lafiya ta Duniya tace har kashi 99 cikin 100 na mutanen da ke kamuwa daga kare suke ɗauka kuma in alamu suka bayyana kusan ba a tashi. A duba tsutsar ciki, kaska da ƙuma, a duba haƙora, kunne da gaɓoɓi, don ciwo na sa kare gudun taɓawa, mun sha ganin wanda ake cewa mugun hali ne ashe kunne ke masa ciwo. In zaku je asibitin dabbobi ka sanar dasu tun a waya cewa matsoraci ne su baku lokacin da ba cunkoso. In bayan watanni har yanzu baya iya ci ko barci saboda fargaba akwai magunguna irin su fuloksetin da likitan dabbobi ke rubutawa, yakan ɗauki sati 4 zuwa 6 kafin aga aikinsa kuma tare da horo ake haɗawa. Kar dai ka bashi maganin mutane da kanka, ibufurofen na lalata musu ciki da ƙoda. Cikin abin da zaku riƙa jefa masa kuma banda cakulan, albasa da inabi, guba ne a wurinsu.

Yarinya: kar a barsu su biyu ba babba a wurin, ko na minti ɗaya. Ba runguma, ba kai fuska kusa da tasa, ba zuwa inda yake kwance ko yana cin abinci.

Dattijo_Mai_Sanda ya rubuta:

Ɗana ni abu ɗaya zan ƙara, kuma da ciwo a raina nake faɗa. Na taɓa karɓo irin wannan karen, kwana biyu da zuwansa na fita dashi da kwala ta wuya kawai, wata babbar mota ta danna ham, ya ja da baya ya zare kansa daga kwalar kamar an shafa mai, kafin in juya ya ɓace. Na bishi ina ƙwala masa kira, mutane suka taya ni bi, ashe duk ƙara korarsa muke don a lokacin bai san ni ba balle sunan da nake kira. Kwana shida muna nema. Abinda ya dawo dashi bargonsa ne da kwanon abinci da aka ce in ajiye a inda aka ganshi na ƙarshe in bar wurin, a daren na shida aka same shi kwance a kai ya rame ƙafa duk ciwo. Laifina ne ba na kowa ba.

Don haka ka samo abin ɗaurawa na ƙirji wanda ke zagaye har bayan haƙarƙari, ka haɗa da kwala, igiya biyu kowacce da nata. Ka zagaya katangar gidanka ka toshe duk wata kafa, ka duba inda zai iya takawa ya haura. A motar da zaku ɗauko shi kar a buɗe ƙofa sai igiya na hannu. A sa masa 'yar na'urar nan mai kamar ƙwayar shinkafa da ake sawa ƙarƙashin fata, a yi mata rajista da lambar wayarka, a rubuta lambar kuma a jikin kwala. Satin farko ma ba sai ya fita waje ba, tsakar gida ta ishe shi.

Baban_Yarinya ya rubuta:

Kai jama'a nagode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Allah ya ƙara girma, wlh maganar igiya biyun nan ko a mafarki bata zo min ba, kuma akwai wata kafa a ƙasan ƙofar gidanmu da nasan zai iya bi, gobe zan sa a toshe. Sarkin_Yaƙi kaima nagode da ka faɗi naka amma bayanin 'yar uwa mai jinya ya fi kwanta min.

Anti na bi maganarki, jiya da daddare muka zaunar da yarinyar na faɗa mata wannan karen ba zata taɓa shi ba watakila har wata biyu ko fiye, ba zata kawo ƙawayenta kallonsa ba, kuma zai iya yiwuwa har abada bazai zama mai guje-guje da ita ba. Tayi shiru ta ɓata rai, can tace to me amfaninsa, na rasa abinda zance mata gaskiya. Da safe kuma ita ta fara tambaya wai in munƙi ɗaukarsa wa zai ɗauka. Maiɗakina tace nauyin a kanta zai fi sauka tunda ita ke wuni a gida don haka sai taje ta zauna dashi ita kaɗai tukun kafin ta amsa. Masu gidan sun yarda mu riƙe shi na gwaji tsawon sati huɗu kafin a cike takardu. Tambayata ta ƙarshe, me zan ba yarinyar tayi don kar taji an ware ta?

Anti_Mai_Lambu ta rubuta:

Maiɗakinka tayi gaskiya, ita ce zata ga ranakun da zai yi fitsari a ɗaki don tsoro, in hakan ta faru a goge kawai ba faɗa. Ita kuma 'yar taka a bata aiki nata na kanta, ita ke auna abinci ta miƙa maka ka ajiye, ita ke canza ruwa lokacin da baya wurin, sannan kullum da yamma ta zauna a ƙasa nesa dashi, ɗayanku na kusa, ta karanta littafin makarantarta da murya ƙasa ƙasa ba tare da ta kalle shi ba. Ka bata ɗan littafi ta riƙa rubuta abinda yayi sabo kowace rana. Zai amfane ku ku ma, don cigaban irin wannan karen ƙanana ne har mutum ya ɗauka ba a motsa ba sai ya duba baya.

Baban_Yarinya ya rubuta:

Slm, na dawo in baku labari tunda kun damu da mu. Yau kwanan Duna 23 a gida. Kwana biyun farko ko ruwa bai sha a gabanmu ba har na kira likita, yace in dai kwanon na raguwa da dare mu sa ido kawai. Sati guda cur yana bayan kujera, wurin da muka gyara masa ma ƙin shiga yayi sai muka kwashi bargon muka mayar inda ya zaɓa. Sau ɗaya yayi gurnani, ni na jawo, na sunkuya ɗaukar kwano yana kusa, na ja baya na barshi.

Har yanzu ni bai yarda in taɓa shi ba, in na miƙe tsaye da sauri guduwa yake, da alama maza sun fi bashi tsoro. Amma yana bin maiɗakina daga nesa duk inda ta shiga, shekaranjiya ya ci a tafin hannunta. Yarinyar kuma tana nan da karatunta na yamma, da farko daga ɗaya ƙarshen falon take zama, jiya tana cikin karatu ya fito daga bayan kujera ya kwanta kamar taku uku da ita ya ɗora haɓa a ƙasa har ya lumshe ido, ita kuma bata ɗago ba taci gaba da karatun muryarta na rawa, sai da ya koma ta rugo tana raɗa min wai Baba ka gani ka gani. Ranar Litinin zamu je mu cike takardun. Dan Allah mai jinya in zan fara fita dashi waje, da asuba ya fi ko da dare bayan ƙafa ta ɗauke?